TALLAFIN BINCIKE KAN CIWON KARKARWA: BAYANI GA JAMA'AR GAURAKA DA KEWAYE

Gabatarwa

Garin Gauraka yana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Kaduna, dab da Suleja, a Jihar Neja. A shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta zartar da dokar kafa sabon babban birnin ƙasa, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin Abuja kuwa ya koma Suleja. Tun daga lokacin wannan yanki yake ta cika da baƙi. Ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu waɗanda hayar cikin birni ta fi ƙarfinsu sun zo sun zauna tare da mutanen da suka tarar, Gbagyi da Koro da Hausawa da Fulani. Da yawa daga waɗanda suka zo suna samari, yau sun zama dattawa masu jikoki.

Tsufa kuwa yana zuwa da nasa cututtuka. Ɗaya daga cikinsu ita ce cutar da likitoci ke kira cutar Parkinson, wadda a cikin wannan ƙasida za a riƙa kira ciwon karkarwa. Ƙasar Suleja ta san darajar hannu mai natsuwa, gama a nan ne Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar Naira 20, ta yi aikin ginin tukwane har sunanta ya kai ƙasashen waje. Idan hannun magini ko tela ko makaniki ya soma rawa, abincin gida guda ne ya shiga haɗari.

Manufar wannan ƙasida ita ce ta bayyana wa jama'a dalilin da ya sa ake bukatar kuɗi domin ɗaliban digiri na biyu da na uku, masu nazarin ilmin halayyar ɗan Adam, su yi bincike kan wannan cuta da danginta. Za ta kuma nuna inda kuɗin ke fitowa, da abin da ake yi da su, da abin da ya rataya a wuyan ɗalibi da na jama'a.

Mene Ne Ciwon Karkarwa?

Wani likitan Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana wannan cuta dalla-dalla a shekarar 1817, bayan ya lura da mutum 6. Daga baya aka raɗa wa cutar sunansa, kuma a ranar haihuwarsa, 11 ga watan Afrilu, ake tunawa da masu cutar a duniya kowace shekara.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin. Wannan sinadari shi ne ke daidaita motsin jiki, ya sa mutum ya tashi, ya taka, ya miƙa hannu ba tare da wahala ba. A jikin mai ciwon karkarwa, waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa sannu a hankali, kuma kafin alamu su fito fili, kaso mai yawa daga cikinsu ya riga ya lalace. Alamun da aka fi gani su ne:

1. Rawar hannu ɗaya sa'ad da mutum yake zaune bai riƙe kome ba, yatsu suna motsi kamar mai jan carbi.
2. Nauyin jiki, yadda sa maɓalli ko tashi daga tabarma zai ɗauki lokaci mai tsawo.
3. Sandarewar gaɓoɓi, da tafiya da gajerun taku, da sunkuyawa.
4. Ƙanƙancewar rubutu, da raguwar murya, da fuska da ke zama kamar ba ta murmushi.

Ya kamata jama'a su sani cewa ba kowace rawar hannu ce ciwon karkarwa ba. Akwai wadda ake gada a dangi, mai tashi sa'ad da mutum ya ɗauki moɗa ko cokali, akwai kuma wadda wasu magunguna ke jawowa. Likita ne kaɗai zai iya bambancewa. Haka nan cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare ko ta musafaha. Ba sammu ba ce, ba kuma iska ba ce.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ɗungum ba. Amma tun daga shekarar 1967, sa'ad da wani likita a Amurka, George Cotzias, ya nuna yadda za a yi amfani da maganin lebodofa, masu cutar suke samun sauƙi ƙwarai, wasu har su ci gaba da sana'arsu shekaru da dama. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali an gano yana da cutar a 1984, ya kunna wutar wasannin Olamfik a 1996 hannunsa yana rawa a gaban duniya, bai rasu ba sai a 2016.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa yawan masu cutar ya ninka biyu cikin shekara 25, kuma a 2019 sun haura mutum miliyan 8 da rabi. A cikin shekarar 2019 ɗin cutar ta yi sanadin rasuwar mutum 329,000.

Ina Ruwan Masanin Halayya da Cutar Jijiya?

Mai karatu zai iya tambaya: cutar da ke lalata ƙwaƙwalwa ai aikin likita ne, ina ruwan masanin halayyar ɗan Adam da ita? Amsa ita ce, rawar hannu ita ce abin da ido ke gani, amma akwai wasu wahaloli da ke ɓoye waɗanda sau da yawa sun fi ta ci wa majiyyaci rai.

Kimanin mutum ɗaya cikin uku na masu cutar suna fama da matsanancin baƙin ciki. Wannan ba raki ba ne, ba kuma rashin haƙuri ba ne, gama sauyin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa yana daga cikin abin da ke kawo shi. Wasu suna fama da fargaba, wasu da mutuwar zuciya har su daina sha'awar zuwa kasuwa ko majalisa. Wasu sukan yi ihu da dambe cikin barci, wani lokaci shekaru kafin rawar hannu ta bayyana. Idan cutar ta daɗe, mantuwa da rikicewar tunani sukan shigo, majiyyaci ya riƙa ganin mutane ko dabbobi da babu su a ɗaki. A nan ne iyali sukan ce aljanu ne, su daina kai shi asibiti. Har ila yau akwai wasu magungunan cutar da kan sa mutum kamili ya faɗa caca ko almubazzaranci, abin da kan ɓata masa suna alhali gyaran magani kawai yake bukata.

Duk waɗannan fagen masanin halayya ne. Shi ne aka horar ya auna tunani da mantuwa, ya gane baƙin ciki, ya kuma yi maganinsa ta hanyar zama da tattaunawa bisa tsari. A shekarar 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da masu ciwon karkarwa 80, inda aka nuna cewa zama 10 na irin wannan tattaunawa ya rage musu baƙin ciki. Shi ne kuma zai duba halin matar gida ko 'yar da ke jinya, wadda ta bar sana'arta, ba ta barcin kirki, ba kuma wanda yake tambayar lafiyarta.

Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashen wannan ilmi a ƙasar nan a 1964. Daga baya jami'o'in Legas da Ibadan da Jos da wasu suka bi sahu. To amma likitocin jijiya da masanan halayya na asibiti kaɗan ne a ƙasar, kuma galibinsu suna manyan birane. Mutumin Gauraka mai neman ƙwararre, bayan Babban Asibitin Suleja, sai ya bi ta Zuba zuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko ya shiga Abuja zuwa Asibitin Ƙasa, ko ya nufi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Mudun da Ba a Ƙera Don Wannan Kasuwa Ba

Babban dalilin da ya sa ba za a wadatu da binciken ƙasashen waje ba shi ne na ma'auni. Akwai wata jarrabawar auna tunani da aka ƙirƙiro a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, wadda likitoci ke yawan amfani da ita ga masu ciwon karkarwa. Makinta 30 ne. A cikinta ana bukatar mutum ya zana agogon bango da lambobinsa, ya kwaikwayi zanen akwati, ya ja layi daga lamba 1 zuwa harafin A, daga nan zuwa 2, sa'an nan B. Ana kuma nuna masa hoton zaki da raƙumi da karkanda a ce ya faɗi sunayensu.

A ɗauki misalin wani dattijo a Gauraka wanda ya yi karatun allo, yana rubuta ajami daga dama zuwa hagu, yana riƙe lissafin bashin abokan cinikinsa da ka, amma bai taɓa zaman aji ba. Raƙumi ba baƙonsa ba ne, amma mai yiwuwa bai taɓa ganin hoton karkanda ba. Haruffan boko kuwa ba ya jera su. Idan aka auna shi da wannan jarrabawa zai faɗi, a rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, alhali kuwa lafiyarta lau. Wani kuma ɗan boko wanda mantuwa ta fara kama shi zai iya haurewa, a sallame shi ba tare da kulawa ba.

Fassara tambayoyin zuwa Hausa ko Gbagyi kawai ba za ta wadatar ba. Tilas ne a sauya abin da bai dace ba, a gwada sabon ma'aunin a kan ɗaruruwan masu lafiya, maza da mata, masu boko da marasa shi, domin a san makin da ya dace da kowane rukuni. Sa'an nan a gwada shi a kan majiyyata, a kwatanta da hukuncin likita. An yi irin wannan aiki da harshen Yarbanci tun daga 1992, a ƙarƙashin haɗin gwiwar masanan Ibadan da na Indiyanafolis kan cutar mantuwa ta tsofaffi. Aiki ne mai cin lokaci da tafiyar ƙasa, kuma daidai yake da kundin digiri na biyu ko na uku. Wanda ya fi cancanta da shi shi ne ɗalibin da ya tashi da harshen, ya san yadda ake gaida dattijo, ya san wanda ake neman izninsa kafin a shiga gida. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da Bincike Ya Riga Ya Haifar

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan, wanda ya rasu a 1995, ya yi suna da binciken wata cutar jijiya mai sa tangaɗi, wadda ya danganta da yawan cin rogon da ba a gyara shi sosai ba. Shi da abokan aikinsa sun bi gida gida a garin Igbo-Ora suna ƙidaya masu cututtukan jijiya. A 1988 aka buga kwatancen da ya nuna cewa, a cikin kowane mutum 100,000 da suka haura shekara 39, masu ciwon karkarwa 67 ne a Igbo-Ora, amma 341 ne a tsakanin baƙaƙen fata na wani yanki a Misisifi ta Amurka. Wannan bambanci ya sa masana suka ƙara mai da hankali ga muhalli. Daga cikin abubuwan da bincike ya danganta da ƙaruwar haɗarin cutar akwai wasu magungunan feshi na gona, musamman na kashe ciyawa mai suna farakwat, wanda hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi. Wannan batu ne da ya shafi kowane manomi a Jihar Neja.

A Arewa, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun buga rahoto a 2012 kan yadda cutar ke bayyana a majiyyatansu. A 2023 kuma, Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas tare da masanan Ingila da Amurka suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda ke ƙara haɗarin cutar a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne. An duba bayanan mutum kusan 200,000, cikinsu 1,488 masu cutar, galibinsu daga asibitocin Nijeriya. Shekara da shekaru ana binciken gadon cutar a tsakanin Turawa ba a ga wannan sauyi ba, sai da aka sa kuɗi aka duba mutanen Afirka.

Akwai kuma misali na abin da ɗalibar halayya guda za ta iya yi. Cutar Huntington 'yar uwar ciwon karkarwa ce, tana sa jiki fizge-fizge, tana lalata tunani, kuma duk ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ita yana tsakanin gada da tsira, rabi da rabi. Wata Ba'amurkiya mai suna Nancy Wexler, wadda mahaifiyarta ta kamu da cutar, ta rubuta kundin digirinta na uku a Jami'ar Mishigan a 1974 kan halin da 'ya'yan masu cutar ke ciki. Daga 1979 ta riƙa zuwa ƙauyukan masunta a bakin tafkin Marakaibo a ƙasar Benezuwela, tana tattara tarihin dangi da jini. Wannan aiki ya kai ga gano wurin da ƙwayar cutar take a 1983, da ita ƙwayar kanta a 1993. Mafarin duk wannan kundin ɗaliba ne.

Me Ake Yi da Kuɗin?

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Binciken halayya ba ya bukatar manyan injuna, amma ba ya yiwuwa da aljihu wayam. Ɗalibin da zai yi aiki a Gauraka da Suleja da Madalla yana bukatar kuɗi domin waɗannan abubuwa:

1. Kuɗin mota zuwa unguwanni da ƙauyuka, da komawa jami'a wurin malamin da ke duba aikinsa.
2. Ladan masu fassara, gama akan sa mutum ɗaya ya fassara tambayoyi zuwa Hausa, wani dabam ya mai da su Turanci, domin a ga ko ma'ana ta kauce.
3. Horar da mataimaka, musamman mata, waɗanda za su iya shiga cikin gida su zanta da matan aure.
4. Buga takardun tambayoyi, da na'urar ɗaukar murya, da kwamfuta, da kuɗin intanet.
5. Mayar wa majiyyaci da ɗan rakiyarsa kuɗin motar da suka kashe.
6. Kuɗin kwamitin ɗa'ar bincike, da na buga sakamako a mujallar masana.
7. Ɗan abin da ɗalibi zai ci, domin kada ya raba hankalinsa tsakanin bincike da neman abinci.

Idan babu wannan tallafi, abin da kan faru sananne ne. Ɗalibi yakan bar batun majiyyata, ya raba takardun tambayoyi ga 'yan uwansa ɗalibai a cikin makaranta, domin shi ne mafi araha. Zai sami digirinsa, amma dattijon Gauraka bai ƙaru da kome ba.

Daga Ina Kuɗin Ke Fitowa?

Hanya ta farko ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, watau TETFund. Asalinsa Doka ta 7 ce ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake dokar, aka keɓe asusun ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilmi na gwamnati. An ƙara harajin zuwa kashi 2 da rabi a 2021, da kashi 3 a 2023. Dokar haraji ta 2025 kuma ta haɗe shi da wasu cikin harajin raya ƙasa guda, wanda asusun ke da kasonsa a ciki.

Asusun yana da ƙofofi uku da suka shafi wannan batu. Akwai tallafin ƙaro ilmi ga malaman makarantun, domin su yi digiri na biyu ko na uku. Daga farkon 2025 an dakatar da ɓangaren tura malamai ƙasashen waje, aka mai da hankali ga jami'o'in gida. Akwai ƙaramin tallafin bincike da kowace makaranta ke tantance malamanta a kai. Akwai kuma Asusun Bincike na Ƙasa, wanda aka ware wa Naira miliyan dubu 5 a 2019, da miliyan dubu 7 da rabi a 2020, da miliyan dubu 8 da rabi a 2021. Wannan gasa ce ta ƙasa baki ɗaya: ana fara aika taƙaitaccen bayani, wanda ya haure ya aika cikakken tsari, sa'an nan ya je ya kare shi gaban masana.

Hanya ta biyu ita ce Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi, wadda ta hannunta ake neman guraben karatu na ƙungiyar Kwamanwel a Ingila. Jihohi ma suna da nasu hukumomin. Shi kuwa asusun NELFUND da aka buɗe a 2024, rance yake bayarwa na kuɗin makaranta da na ciyarwa, wanda za a biya daga baya. Ba kuɗin bincike ba ne, kada a haɗa su.

Hanya ta uku ita ce ta ƙungiyoyin duniya. Ƙungiyar Binciken Ƙwaƙwalwa ta Duniya, watau IBRO, wadda aka kafa a 1961, tana shirya kwasa-kwasai a Afirka, tana kuma ba ɗalibai kuɗin halartar taruka. Shirin GP2 na binciken gadon ciwon karkarwa, wanda ya taimaka wa aikin 2023, yana horar da matasan masana daga ƙasashen da aka bari a baya. Gidauniyar Michael J. Fox, da wani ɗan wasan kwaikwayo mai cutar ya kafa a 2000, tana daga cikin manyan masu ba da kuɗin wannan bincike. Akwai kuma shirin TraPCAf da hukumar binciken lafiya ta Ingila ta ɗauki nauyi, wanda Jami'ar Niyukasil ke jagoranta tare da masanan ƙasashen Afirka 7, har da Nijeriya.

Giɓin da Ya Rage

Duk da waɗannan hanyoyi, akwai giɓi, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Tallafin TETFund na malaman makarantun gwamnati ne. Ƙaramin malami a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ko Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai yana da ƙofar shiga. Amma ɗalibin da ba ma'aikacin jami'a ba, alal misali malamin sakandare ko ma'aikaciyar jinya a Suleja mai yin digiri na biyu da albashinta, ba ya iya nema da kansa. Hanyarsa ita ce ya shiga ƙarƙashin babban malamin da ya ci gasar.

Haka kuma yawan dogaro da waje yana da nasa aibi. A 2021 Dakta Mahmoud Bukar Maina da abokan aikinsa sun buga nazari kan binciken ƙwaƙwalwa a Afirka cikin shekara 20. Sun samu cewa Nijeriya tana cikin ƙasashe 5 da suka fi yin wannan bincike, amma a yawancin sassan nahiyar kuɗin daga waje suke zuwa. Mai ba da kuɗi kuwa shi ke zaɓen tambayar da za a bincika. Shugabannin Afirka sun amince a 2007 cewa kowace ƙasa ta riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na arzikinta domin bincike. A 2021 ɗin an buɗe cibiyar bincike da horarwa kan kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da taimakon gwamnatin jihar. Wannan ya nuna cewa jiha ma tana iya sa hannu. Haka nan attajirai da ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda suka saba gina aji da haƙa rijiya, suna iya ɗaukar nauyin binciken ɗalibi ɗaya ta hannun jami'arsa.

Jan Hankali ga Ɗalibi

Ɗalibin da ke son neman tallafi ya kiyaye waɗannan:

1. Ya zaɓi tambaya guda, ƙarama, wadda za a iya amsawa cikin lokacin karatunsa.
2. Ya nemi likitan jijiya ya zama na biyu cikin masu duba aikinsa, gama likita ne zai tabbatar da cutar.
3. Ya rubuta kasafin kuɗi na gaskiya, abu abu, ya kuma adana rasit na duk abin da ya kashe. Wanda ya kasa ba da lissafi ya toshe ƙofa ga na bayansa.
4. Ya sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike a rubuce kafin ya tambayi kowa kome.
5. Ya nemi sanarwa daga ofishin bincike na jami'arsa da shafin hukumar da kanta. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa ɗalibi tallafi, ɗan damfara ne.
6. Idan ya gama, ya koma wurin mai unguwa da mutanen da ya tambaya, ya faɗa musu abin da ya samu da harshen da suke ji.

Haƙƙin Jama'a

Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da shari'ar da ta biyo baya ba. Saboda haka ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya kafin ya amince. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, ta kuma wajabta neman yardar mutum kafin a yi bincike a kansa.

Duk wanda ɗalibi ya zo wa yana da haƙƙin ya ga takardar jami'a da ta kwamitin ɗa'a. Yana da haƙƙin a bayyana masa manufar aikin da harshensa. Yana iya ƙi, yana kuma iya janyewa a tsakiya, ba tare da an hana shi magani a asibiti ba. Ba za a bayyana sunansa ba. Ba a biyan ko kwabo domin shiga bincike, kuma ɗalibin halayya ba ya sayar da magani, ba ya yin allura.

Idan kuwa an cika waɗannan sharuɗɗa, ana roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin majami'u da na ƙungiyoyin mata su ba da haɗin kai. Kada a ɓoye majiyyaci a ƙuryar ɗaki saboda kunya. Wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa tanadin magani.

Kammalawa

A watan Mayu na 2022 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Nijeriya, suka amince da shirin shekara 10 na yaƙi da farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya, wanda zai kai 2031. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka da shiri suna bukatar ma'aikata da ma'auni da ƙididdiga, kuma ɗaliban yau ne za su samar da su idan an tallafa musu.

Saboda haka, iyalin da suka ga hannun dattijonsu yana rawa, ko tafiyarsa ta yi nauyi, su kai shi asibiti da wuri, su kuma faɗa wa likita idan yana fama da baƙin ciki ko mantuwa ko ganin abin da babu. Manomi ya rufe jikinsa da hancinsa sa'ad da yake feshi, ya guji maganin da aka haramta. Ɗalibi ya je ofishin bincike na jami'arsa ya yi tambaya. Mai hali kuma ya tuna da ɗaliban garinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.